Mai Hayar Lasifika

Ni ne Talle mai lasifika:
kujeru tamanin, rumfa biyu, janareta mai tari.
Duk wanda ya shigo Gidan Dagazau da magana a bakinsa,
ta wayata take bi kafin ta kai kunnen jama'a.
Don haka na san nauyin magana a garin nan.
Buhun ƙaiƙayi ya fi ta.

Shekarar da ruwa ya ci shinkafar fadama
suka zo mana jaje, mota tara.
Wani siriri, hularsa ta fi shi tsawo,
ya hura min makirufo sau biyu, ya ce,
"Mun kafa kwamiti."
Aka yi tafi.
Kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti,
ƙaramin ya yi rarrafe, ya tafi taron bita,
har yau ba mu ga ƙeyarsa ba.
Kachalla dai ba ta halarci taron ba,
tana bakin kogi tana aikinta.

Ranar buɗe famfo fa?
Daren jajibere, ina kafa rumfa,
na ga tanka ta lallaɓo babu fitila
ta ɗura wa tankin sama ruwan wani gari.
Da hantsi mai girma ya yanke ƙyalle, ya murɗa,
ruwa ya zubo, maroƙi ya shiɗe,
Ladidi ta tara bokiti
da murmushin naira ɗari biyar.
Kwana uku famfo ya yi gyatsa, ya cika.
Yanzu jakin Barau ake ɗaurewa a wuyansa.
Allon yana nan: sunaye bakwai,
ɗigo ko ɗaya.

Kada ku ce masu babbar riga kaɗai.
Ran kasuwa Na-Tambu ke karɓar ƙaramar lasifikata,
kwalba ɗaya, cuta arba'in:
basir, shawara, sammu, faɗuwar jarrabawa.
Da la'asar sai ya aiki yaro kemis
a sayo masa na ciwon kai.
Ga Ɗanliti, sojan baka,
bara yana zagin mai gidansa na bana,
bana yana zagin na bara,
kalmomin ba su canja ba, suna kawai ya cire ya sa,
kamar mai sauya wa keke taya.
Ga yaran birni masu waya a kan sanda:
suka miƙa wa Iya Kande katan ɗin taliya,
suka ce ta yi kuka. Ta yi.
Suka ce ta sake, rana ta ɓata hoton. Ta sake.
Katan ya koma but ɗin mota.

Romon baka, mun sha har mun ƙoshi,
cikinmu na kuka.
Gafara sa, gafara sa,
mun matsa har mun kai bango,
ko kofato ba mu gani ba, balle ƙaho.

Ni ma ba wankakke ba ne.
Idan ƙarya ta yi ƙasa-ƙasa
ni ke murɗa mata ƙara ta kai unguwar masunta.
Rabi suke biya. Sauran,
"Ka same mu a ofis."

Sau ɗaya tak, wata Laraba bayan isha,
Hansatu ta buga min ƙofa, mayafi a hannu.
Babu rumfa, babu kujera, babu "masu girma".
Ta riƙe makirufo kamar muciya, ta ce,
"Yaro ne, shekara huɗu, riga ja, sunansa Ila."
Iyakar jawabin ke nan.
Gari ya tashi da tocila.
Aka same shi yana barci a gindin rumbun Barau.

Gobe akwai taro, an ce gada za a yi mana.
Zan zuba fetur, in ja igiya,
in ɗan bugi makirufo da yatsa:
"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu."
Ku saurara da kyau.
Daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.