Harafin Rumbu

Ranar kasuwar Gujungu, tun da hantsi
na ɗage ƙyauren rumfa, na tada janareta,
wayoyi talatin da ɗaya a kan benci suna shan wuta,
kowace da lambarta a goshi.
Na jona baƙin faifan nan nawa
mai igiya ɗaure da ƙyallen atamfa.
Rumbu nake kiransa,
don shekara bakwai ina zuba masa:
sunaye, saukar karatu, damben kaka,
ƙwallon Taura da Ringim da aka tashi baram-baram,
da ranar da ruwa ya cinye mana gada.

Kullum E ne sunansa a kwamfuta.
Ba ni na raɗa masa ba, haka na tarar.
Yau na bi hanyar da na saba,
allo ya ce babu.
Na sake bi, ya ce bai san wurin ba.

Ga Baba Ɗan'azumi ya jingine keke.
Ya sayar da riɗi tiya shida,
ya sayi sabon kati,
don tsohon ya bi waya cikin rijiya.
Muryar Tabawa yake so in tura masa,
guɗar da ta rangaɗa a bikin autansu
damina biyu kafin ta kwanta dama.

Na ce, Baba, zauna tukuna.
Na hura bakin igiya, na goge da hannun riga,
na zare, na mayar, na kashe, na kunna.
Fitilarsa shuɗiya tana ƙifta mini ido,
na kara kunne, yana gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi.
Da ransa. To ina hatsin?
Gumi ya bi bayana har tazuge.

Na kira Hansatu 'yar yayata a Dutse.
Ta ce, Kawu, me ka fara jonawa da safe?
Na ce filashin Ilu direba,
mai neman waƙoƙin hanya.
Ta yi dariya sai da na janye waya daga kunne.
Ta ce, baƙo ne ya riga maigida hawa buzu.
Kwamfuta ba ta san girma ba,
wanda ya fara sallama take miƙa wa harafi.
Rumbunka na nan, an matsar da shi F,
ko ƙwaya ba ta zube ba.

Ta ce, kama linzami,
danna kunnensa na dama a kan 'yar tagar nan ta ƙasa,
shiga inda aka jera faya-fayai kamar kunyoyi,
nemi mai dogon kuyya.
Kar ka taɓa inda aka ce a share.
Nan ta ɗaga murya, ta faɗa sau uku.
Zaɓi sauya harafi.
Kuma kar ka mai da shi E, bakin hanya ne,
kowane mai wucewa zai shimfiɗa tabarma.
Kai shi ƙurya.
Tsofaffin hanyoyinka kuwa, sai ka sake share su da hannu,
wannan aikin dare ne, ba na kasuwa ba.

Haruffa suka zubo, tun daga G har Z.
Na dubi Baba, yana juya hula a gwiwa,
bai tambaye ni komai ba.
Na danna T.

Na manta lasifika a kunne take.
Guɗa ta tsaga rumfa ta fita,
masu tallan awara suka waiwaya suna neman amarya,
wani ɗan acaɓa ya taka birki.
Baba bai motsa ba.
Da ta ƙare ya ce, ashe haka take jan ƙarshen,
na fara mantawa.
Maimaita.

Ya biya ɗari biyu, ya ƙi karɓar canji,
ya ƙara mini kantu a leda.
Da dare na ari jan farcen ƙanwata,
na zana T a bayan rumbu,
ƙafarta ta ɗan karkace.
Ilu kuwa har yanzu bai zo ya karɓi filashinsa ba.