Rumbun Hanta

Ranar Litinin, da azumi a bakina,
aka ce ramin kuza ya rufta da Tanimu a Bukur.
Na miƙa hannu ban yi shawara ba.
Leda ta cika, ja wur, da ɗumina.

Na miƙe tsaye. Duwatsun Jos suka juya a taga,
ƙasa ta taso ta gaishe ni a goshi.

Sista Kangyang ta ɗago ni tana faɗa:
"Ba ka ce ka karya ba?"
Na sunkuyar da kai.

Ta ce hanta rumbu ce.
In ka ci, takan ɓoye zaƙi,
ranar da jini ya zuba ta buɗe ƙofa.
Mai azumi kuwa, rumbunsa saura ƙura,
sai hanta ta bi tsoka tana rance,
tana ƙera sukari kaɗan-kaɗan,
jiri na jira a bakin ƙofa.

Ta turo shayi mai kauri da gwaten acca.
"Nafila ce?" Na gyaɗa.
Na sha. Allah ya ga ledar.

Tanimu na can ɗaki na uku,
yana numfashi da sahur ɗina.