Cokali Uku

Shekara goma sha shida ina ɗura maka ƙauna
da ludayi, Tasi'u.
Fura da nono, ɗumamen safe, man shanu har ya kwanta.
Matan Kiyawa suka ce, "Ɗan Ladidi ya samu hutu."
Na ji daɗi. Allah ya gani, na ji daɗi.

Sai numfashi ya fara yi maka gardama da dare,
gwiwa ta ƙi kai ka makaranta,
tela ya auna ka yana kawar da kai.
Yara suka laƙaba maka Rumbu.
Ka daina leƙa ko zaure.

Likita a Kano ya zana tumbi a takarda,
ya ja layi da biro:
"Nan za mu yanke. Abin da zai rage bai fi ayaba ba."
Babanka ya kai bijimin huɗa kasuwar Shuwarin,
ya dawo da igiya kawai.
Ni na dangwala yatsa, hannuna na rawa.

Yau kwana tara da aiki.
Romo cokali uku, ka ce ka ƙoshi.
Na tsaya da kwano a hannu,
ban san inda zan juye sauran ba.