Shayi a Ƙofar Rumaila

Shekara goma sha ɗaya ina dafa shayi
a ƙofar rijiyoyin Rumaila.
Ban taɓa ɗaga gangar mai ba,
amma nakan san farashinta
daga kofunan da na wanke kafin azahar.

Watan da cutar ta shigo Basra
kofi ɗari biyu suka koma tara.
Motocin ma'aikata suka daina tsayawa.
Wa zai kurɓa ta cikin takunkumi?

Rediyo ya ce jiragen dakon mai na shawagi a teku,
cike maƙil, babu mai cewa kawo.
Ya ce a wata ƙasa, wata rana,
mai man ne ya biya a raba shi da kayansa.
Na yi dariya har gawayina ya mutu.

Nahida, ɗiyata, tana asibitin gwamnati,
tana kifa tsofaffi su sami numfashi.
Kwana arba'in da biyar albashi shiru.
Baitulmali saniya ɗaya gare shi,
kuma saniyar ce ta kwanta.
Ta sayar da 'yan kunnenta, ta cika tukunyar iska
don Jabbar, mai gyaran janareta.
Bai kai Juma'a ba.
Tukunyar tana nan bayan ƙofa.

Da dare wutar gas tana ci a bakin bututu,
tana haska rufin gidajen da babu lantarki.
Ita kaɗai ba a sallama daga aiki ba.

Kakana dabino ya noma a bakin kogi.
Gishiri ya hau ruwan, muka bar gonar,
muka bi warin mai kamar ƙuda.
Jiya na je na duba:
kututture bakwai a tsaye,
biyu da sauran kore a ka.
Na daɗe ina kallonsu.
Ban yanke shawara ba tukuna.

Na dawo na tarar dinari ya rame dare ɗaya,
sukari ya tashi, cokali uku ya koma biyu.
Dirgam mai gadi ya kurɓa, ya yamutsa fuska,
ya ce, "Abu Nahida, yau shayin salam."
Na ce, "Kai ƙara wajen masu sayen ganga."
Ya biya rabi.
Na rubuta rabin a bango,
ƙarƙashin na makon jiya.