Naira Ɗari a Bakin Ƙofa

A rumfar Mati, bayan an idar da lisha,
inda janareto ke tari kamar tsohon mashayin taba,
muka zube kan buhunan taki, mu talatin da ɗoriya,
kowa ya ajiye ɗarinsa a bakin ƙofa.

Fim ɗin daren na wani mai tabo ne a kumatu,
mai haƙorin Makka, mai dariyar da ba ta kaiwa ido.
Yara suka raɗa masa suna Sai-Ni.
Ya kori 'yan fashi daga wani gari
don tukunyar zinarensa na binne a gindin rijiyarsu.
Ya haye gadar igiya lafiya lau,
ya juyo ya datse ta da wuƙa,
amininsa na tsakiya yana kiran sunansa.

Muka yi tafi. Wallahi mun yi tafi.

Ina cikin tafin hannuna ya yi sanyi,
don na san wannan karkata hular,
na san wannan gyaran muryar kafin magana.
Honarabul Tanimu, ɗan Gwaggo Ladiyo,
da muka yi su tare a fadamar Kafin Hausa,
ni da goran ruwa, shi da koma,
in an zo rabo ya ce manyan sun tsere,
alhali tarwaɗa na motsi a aljihun wandonsa.

Shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa
ya zo da mota shida da mai ɗaukar hoto,
ya naɗe ƙafar wando, ya taka ruwa iya idon sawu,
ya rantse da kabarin ubansa za a yi gada.
An yi titi, ban ce ba a yi ba.
Kwalta baƙa wuluk, ta taso daga bakin kasuwa
ta wuce asibitin da jemagu ke kwana,
ta wuce makarantar da iska ta yaye wa kwano,
ta je ta durƙusa a ƙofar injin casarsa.
Daga nan kuma sai taɓo da ikon Allah.

Ɗan'azumi da ya yi masa yawon kamfe a babur
har ya bar ƙafa guda a kwanar Bulangu,
yau in ya kira, waya na ta ƙara
kamar kuka a tsakiyar gadar igiya.

Amma bari in yi wa na cikin akwati adalci.
Sai-Ni bai taɓa kiran kowa ɗan'uwa ba.
Ya dubi dattawan gari ya ce, ba don ku na zo ba.
Bai raba atamfa ba, bai raba sabulu da taliya ba,
bai zauna sahun gaba ranar jana'iza
yana share idon da babu hawaye ba.
Kuma da aka zo ƙarshe, harsashi a haƙarƙari,
ya miƙa wa wata marainiya ragowar zinaren.
Ko don ya ga ba zai ci ba ne, ya dai miƙa.

Namu ba ya kaiwa ƙarshe.
Duk shekara huɗu a mayar da faifai farko,
tabon nan, haƙorin nan, rantsuwar nan,
mu kuma mu jeru a rana da kati a hannu.

Mai ya ƙare saura minti biyar.
Duhu ya rufe mu, aka hau zagin Mati,
wasu na cewa a dawo musu da ɗarinsu.
Na fito ina lalube, takalmi a hannu,
na bi ta taɓon da aka ce gada ce,
kwaɗi na ta surutu kamar 'yan majalisa.

A bayana na ji Ɗan'azumi yana dogara sanda,
yana tambayar Mati ko gobe za a maimaita.