Kwakwa a Chiloé

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba ya neman izini,
yakan sauka kan kwanon rufi tun zakara bai farka ba.
Ni ce Eliana, mai gasa burodi a bakin mashigar jirage,
hannuna duk fulawa, wayata jingine da buhun sukari.

Ranar Talata Evaristo Cárcamo ya saki hoto:
kifaye fari fat, ciki sama, birjik a kan yashi.
Ya rubuta, "Ga aikin masu kejin kifi. Sun kashe mana teku."
Kafin burodin farko ya yi ja
mutum dubu huɗu sun yaɗa.

Sai ga 'yar takarda ta ɓullo a ƙarƙashinsa,
ba sa hannu, ba fuska, ba wanda za ka ci wa kwala:
"Wannan hoton ba na nan ba ne,
ya shekara bakwai, daga wata gaɓa, a wata ƙasa."
Aka tambaye mu, mu 'yan sa-kai masu tace irin wannan,
ta yi amfani ko ba ta yi ba?
Na hango bishiyar kwakwa a bayan kifayen.
Kwakwa a Chiloé? Ko a mafarki.
Na danna "ta yi", na goge yatsa da tsumma, na koma tanda.

Da yamma ya shigo, takalmin roba na ɗiga,
bai sayi komai ba.
"Sun ɗaure mini baki, Eliana."
Na ce, "Ga bakinka nan yana motsi.
Ko harafi ɗaya ba a goge maka ba."
Ya ce, "Ki tsaya a kasuwa kina ihun gobara,
wani ya lallaɓo ya manna miki 'maƙaryaciya' a baya.
Ba a taɓa harshenki ba, kunnuwan gari aka toshe.
Ina bambancin?"

Na ce, "To me ya kai ka aron hoto?"
Ya dubi tagar da ruwa ke wankewa.
"Wayata ta faɗa teku tun watan jiya.
Jikata ce ta nemo mai kama da abin da na gani.
Kifin dai sun mutu. Je ki shaƙa."

Ban ce masa da yatsana a ciki ba.

Washegari na ja ƙofar shago, na gangara.
Wari ya tare ni tun daga cocin katako.
Ga su nan. Ba su kai na hoton yawa ba,
amma ga su, ido ya yi madara, ƙudaje na shagali,
tsuntsayen teku sun ƙoshi har sun daina faɗa.
Kayan aro ba ya rufe katara, na sani,
sai dai wannan karon gaskiya ce ta yafa shi,
mu kuwa mayafin muka kama.

Na ɗauki nawa hoton, da kwanan wata da sunan gaɓa.
Babu wanda ya rataya masa komai.
Mutum goma sha tara suka gani,
biyu sun tambayi ko akwai burodin gobe.

Har yau kwakwa ba ta fitowa a nan,
in an sake tambayata zan sake dannawa.
Ran da masu keji suka saki tasu,
teku shuɗi shar, kifi kamar zai yi dariya,
Evaristo ne zai fara cewa, ina masu takarda?

Amma takardar nan ba ta da hanci,
ba ta da ƙafar gangarawa gaɓa.
An ce ramin ƙarya ƙurarre ne;
ba a gaya mana wa ke ruftawa tare da ita ba.

Yanzu wajen Nélida yake sayen burodi, can saman tudu,
da gwiwarsa mai ciwo, cikin wannan ruwa.
Ban san wa ya faɗa masa ba.
Tsibiri ne, magana ba ta da wurin gudu.