Ƙidayar Jatan Lande

Ni direba ne, aikina in kai, in jira.
Amma ubana Basarke ne, a Yawuri aka binne cibiyata,
shi ya sa in mota ta tsaya a bakin kogi
ƙafata ke riga ni sauka.

Nusaiba nake tuƙawa, ɗalibar jami'a,
da takalman roba har gwiwa,
da kwalabe goma sha biyu,
da littafin da ruwa ya kumbura.
Zango bakwai ta ɗiga a taswira,
daga ƙasan madatsar Ushafa
har inda Usuma ke miƙa wuya ga Gurara.

Jatan lande take ƙirgawa.
Ranar farko sai da na ɓoye dariya a hula.
Abin da ake aunawa da gwangwanin madara,
a daka, a barbaɗa a miyar kuɓewa,
a kansa za a ba mutum digiri?

A Ushafa, cikin saiwoyin ciyawa,
ta tsamo 'yan mitsi-mitsi kamar yankan farce,
kana hango hanjinsu ta cikin jiki.
Ɗari da sittin da huɗu. Ta rubuta.

A Gwagwalada, ƙarƙashin gada,
inda masu wankin babur ke tsiyaye baƙin mai,
gura uku muka kwanar a ruwa.
Da safe: leda, warin silifa,
da wani kwaɗo mai fushi.
Ta rubuta sifiri.
Ta daɗe tana kallon sifirin.

Shekwolo ne ya nuna mana na uku,
dattijon Gbagyi mai gonar doya a gaɓa.
Ya tura hannu ƙarƙashin dutse, inda ruwa ke kumfa,
ya zaro wani baƙi, gajere, mai kaurin wuya.
Ba shi da almakashi ko ɗaya,
'yan tsintsiyoyi ne a hannunsa,
yana tankaɗe kogi kamar mace da rariya.
Shekara arba'in ina cin kifi,
ban san Allah ya yi wannan ba.

Ya ce, da yana yaro, in damina ta ja baya,
akan ga manyansu da dare
suna hawan dutse a jere, ta gefen da ruwa ke lasa.
Yanzu fa? Ya buɗe tafin hannu,
ya rufe.

Sai a zango na bakwai, gab da magariba,
gura ta yi nauyi.
Guda ɗaya ce tak, tsawon tafina,
gashin baki ya fi jiki,
ƙwai cunkus a cikinta kamar tsabar acca.

Nusaiba ta rage murya.
Ta ce irin wannan, 'ya'yanta sai sun ɗanɗani gishiri,
kogi ke ɗaukar su har bakin teku,
in sun yi ƙwari su juyo da ƙafa,
dare bayan dare, su wuce Lakwaja,
ba mota, ba guzuri.

Na dubi 'yar halittar nan, na tuna kaina
a bayan tirelar albasa, da jaka ɗaya.
Ashe ke ma 'yar ci-rani ce.
Wa ya ba ki kwatance?

Ta auna ta da ma'auni, ta ɗauki hoto,
ta buɗe kwalba, warin magani ya tashi.
Ban ce komai ba, ba hurumina ba ne.
Shekwolo ma sararin sama yake kallo.
Ta rubuta ɗaya.
Ta mayar da murfi.
Ta ce, Malam Ɗanjimma, kai ka san ruwa,
kai ta inda ya fi zurfi.

A hanyar komawa fitilun birni sun kunnu,
kwalabe na karo da juna a bayan mota.
Wadda babu komai a cikinta
ta fi sauran ƙara.